Tsagar Tsohuwa

Shekaranjiya ina zaune a bakin ƙofar ɗakin awo na ji ɗayanku, mai farar hular nan, yana gaya wa abokinsa wai aikinmu ba wani abu ba ne. Ka zuba wa kwamfuta hoto, ta tofo maka lamba, ka kwafa, ka tafi cin abinci. Ban tanka ba, don na san ba da raini ya faɗa ba, abin da ya tarar ke nan. Amma tunda saura mini 'yan watanni in miƙa makulli, gara in ba ku labarin akwatin katakon da ke ƙarƙashin tebur, wanda kuke ɗora ƙafa a kai in kuna hira.

Ku fara sanin abin da muke aunawa. Tauraro irin ranarmu in ya tsufa, tuɓewa yake yi. Yakan saki iskar jikinsa ta bazu, ta kewaye shi kamar hayaƙi, 'yar ƙwayar da ta rage a tsakiya ta riƙa haska hayaƙin. Shi ne malamanku ke kira nebula. In aka tara haskensa da babban madubin hangen nesa, aka bi da shi ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatse irin na bakan gizo, amma ba a cike ba. 'Yan layuka ne tsaitsaye, nan ɗaya can ɗaya, da duhu a tsakaninsu. Mu a ɗakin nan tsaga muke ce musu, don yadda tsohon wanzami zai dubi kuncin mutum ya faɗi garinsu, haka za ka dubi layukan nan ka ce wannan iska kaza ce, waccan iska kaza. Ba mu da madubin da zai kamo irin wannan haske a Samaru. Farfesan da ya kafa ɗakin yana da aboki a wata tashar duban taurari a ƙasar waje, shi ke ɗaukar hoton a kan farantin gilashi, ya naɗe da auduga ya aiko mana. Mu namu awo ne kawai.

Ni ba a aji na koyi aikin ba. A unguwar PZ nake, a wani shagon hoto, ina wanke fim ina shanya hotunan biki. Ran nan wani dattijo ya shigo sayen gishirin wankin hoto, ya tarar na yayyaga wani hoto na jefa a kwando. Ya sunkuya ya tsinto guntayen, ya haɗa su a tafin hannu.

"Me ya sami wannan?"

Na ce, "Inuwa ta ɗan ci kunnen hagu, Baba."

Ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Mai hoton ba zai taɓa gani ba."

Na ce, "Ai ni na gani."

"Yaya sunanka?"

"Tanimu."

"Tanimu, gobe ka same ni a Samaru. Ka yanke farce."

Baba Ojo ke nan. Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, dattijon coci, Hausar bakinsa ta fi tawa tsabta. Kullum cikin farar rigar aiki yake, kuma ba ya dariya kafin azahar. Wata uku na yi a hannunsa ban taɓa gilashi ko ɗaya ba. Wanke hannu ya koya mini, da yadda ake riƙe faranti ta gefe da gefe, da yadda ake kawar da kai in za a yi numfashi. Sai kuma zama cikin duhu. An shafe tagogin ɗakin da baƙin fenti, tsakar rana ma ba ka ganin tafin hannunka. In mun shiga yakan rufe ƙofa, mu zauna shiru kamar minti goma sha biyar kafin ya kunna fitilar tebur. Da na yi ƙorafi sai ya ce ido ma sai ya yi sallama kafin ya shiga. A cikin shirun nan nake fara jin akwatunan. Gilashi in sanyi ko zafi ya taɓa shi yakan motsa a mazauninsa, sai ka ji ƙyas daga wannan kusurwa, can kuma wani ya amsa daga waccan. Matar da ke mana shara ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. Takan miƙo mini tsintsiya daga waje ta ce in taimaka mata, ita ba ta shiga ɗakin da kaya ke magana.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tebur mai fitila a ƙasa, inda ake kwantar da faranti haske ya ratso shi. Akwai ƙaramin madubin awo da ke tafiya a kan dogo, kana murza masa kunne yana matsawa ƙasa da kaurin gashi. Shi kunnen nan hannu ɗaya ake murza shi. In ka wuce layi ba ka dawowa baya kaɗan, sai ka koma farko, don haƙoransa suna da ɗan sako-sako kuma za su yi maka ƙarya. Akwai tsani, wato wani siririn gilashi mai matakai ashirin, na farko fari fat, na ƙarshe baƙi ƙirin. Shi kake jerawa kusa da tsaga ka ga da wane mataki duhunta ya yi daidai, lambar matakin ita ce ƙarfin hasken. Ku lura, a kan faranti komai a juye yake. Inda haske ya fi ƙarfi nan ya fi baƙi. Tsagar da malamai ke kira koriya, na yi shekara talatin ina aunawa ban taɓa ganin korenta ba.

Sai shaidu. Mai ɗaukar hoton yakan haska wata fitila tasa da aka san layukanta, su fito a sama da ƙasan layukan tauraron, sahu biyu. Baba Ojo shaidu yake ce musu. Kafin ka tambayi tauraro komai, sai ka fara tambayar shaidu biyun. In sun tsaya inda aka san su, da duhun da aka san su, to farantin lafiyayye ne. Na ƙarshe shi ne littafi. Da tawada ake rubutu, ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu. Dokarsa guda ce, kuma na ji ta har ta zauna mini a kunne: ka rubuta abin da idonka ya gani, ba abin da aka aiko ka ka gani ba.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Akwai malamin da zai ajiye faranti ya tafi, ya dawo bayan mako ya karɓi lambobinsa ya yi godiya. Akwai ɗalibin da zai tsaya a kanka yana huci, lamba ta ƙi dacewa da abin da ya riga ya rubuta a babi na huɗu. Wani ya taɓa ce wa Baba, "Don Allah a ɗan taimaka, sha ɗaya da sha biyu ai duk ɗaya ne." Baba ya miƙa masa biro ya ce ya rubuta da hannunsa ya sa sunansa. Bai karɓa ba.

Akwati guda ne ba na buɗewa. Lamba ce mai tsawo a jikinsa, amma Baba Tsohuwa yake ce wa wannan nebula, har kowa ya ɗauka. Tun kafin in zo ake aiko hotonta, wani lokaci shekara-shekara, wani lokaci a tsallake. Ran da sabon faranti ya iso yakan ce, "Bari in je in gaida Tsohuwa," ya shiga shi kaɗai ya rufe ƙofa. Koriyar tsagarta ƙaƙƙarfa ce, a mataki na sha shida take, wani sa'in sha biyar, shekara da shekaru.

Wata shekara ya fito da littafin ya kai wa Farfesa, ina biye da shi ɗauke da akwatin. Ya rubuta sha huɗu. Farfesa ya ce ba komai, awo yakan ɗan yi wasa. Faranti biyu da suka biyo baya, sha uku, sha uku. A nan Farfesa ya cire tabarau ya yi murmushi, ba na wulaƙanci ba, don yana ganin girman Baba ƙwarai.

Ya ce, "Baba, abin nan shekara dubu yake ɗauka kafin ya motsa. Ba ya tsufa a gaban mutum. Yaushe rabon da a duba maka ido?"

Baba ya ce, "Shaidun suna nan daidai, ranka ya daɗe."

"Shaidu ai manya ne, kowa zai gan su. In ido ya fara gajiya, sirara yake fara saki."

Baba ya je asibiti, aka ce akwai 'yar yana tana tasowa a idon dama, ba ta kai a taɓa ba. Daga nan lambobin Tsohuwa suka koma sha biyar. Faranti uku suka ƙara zuwa, sha biyar, sha biyar, sha biyar. Hankalin kowa ya kwanta. Ni dai na lura ya fi daɗewa a ciki, har wata rana na kara kunne a ƙofa na ji yana magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ake yi wa marar lafiya. Ban ji abin da yake cewa ba, kuma ban tambaya ba.

A farkon shekarun dubu biyu, da sauransa wajen shekara biyar ya yi ritaya, ya kira ni da safe ya sa mini makulli a hannu.

"Idona ya mutu, Tanimu. Mai awo da mataccen ido ɓarawo ne. Ka riƙe ɗakin."

Na yi ta ba shi baki, amma in faɗa muku gaskiya, rabin bakin ne kawai. Na yarda idon nasa ya tafi, kuma ina son kujerar. Ya rataye farar rigarsa a ƙusa ya fita. Ba a daɗe ba Farfesa ma ya koma ƙasar waje, aka daina aiko gilashi gaba ɗaya, duniya ta koma faifan sidi.

Sai muguwar shekara. An rufe makaranta wata da watanni, ga damina mai nauyi, ga ba wuta. Na'urar da ke shanye danshin ɗakin ta yi shiru. Ran da na samu na shiga, warin ruma ne ya tare ni tun daga ƙofa. Na buɗe akwati na farko na ɗaga faranti, sai na ga wani farin abu ya yi rassa a kansa kamar saiwar ciyawa, ya bi layukan yana ci. Fatar da ke riƙe hoto a jikin gilashi abinci ce ga funfuna, wannan ba a gaya muku a aji. Na yi mako uku ina fito da su ɗai-ɗai, ina gogewa da auduga da sinadari, ina jera su a inuwa kusa da kaskon gawayi. Waɗanda suka tsira sun tsira. Wasu kuwa fatar ta saɓule a hannuna, na tsaya riƙe da farin gilashi, hasken da ya yi tafiyar dubban shekaru ya zo ya ƙare a kan audugata. Akwatin Tsohuwa na ɗauko a ƙarshe, ina fargaba. Sai na tarar Baba ya liƙe bakinsa da kakin kyandir kewaye, ciki kuma ya naɗe kowane faranti da farin ƙyalle ya ɗaure sama da ƙasa. Na san abin da ake naɗewa haka. Ko ɗigon ruma babu a jikinsu. Na mayar na rufe da sauri.

Bayan kamar shekara biyu Malama Rabi ta zo. Matashiyar malama ce a sashenmu, tana neman digirin dakta, mace mai magana a hankali da ba ta barin tambaya rabi. Ta ji labarin akwatin, tana son a sake auna duka faranti goma sha biyu da ido ɗaya, hannu ɗaya. Na ce mata an riga an auna, suna cikin littafi. Ta ce ta sani, ita dai a sake, kuma kada in buɗe littafin sai na gama.

Na fara da safiyar wata Talata. Na zauna cikin duhu na cika mintocina, na kunna fitila, na ɗauko mafi tsufa. Shaidu daidai. Tsaga sha shida. Na biyu sha shida. Na uku sha biyar. Ina tafe lafiya har na kai na bakwai, na ga sha huɗu. Na takwas, sha uku. Na tara na jera tsani sau uku, sha uku ta ƙi, sai sha biyu da rabi. Na tuna sarai cewa uku na ƙarshe sha biyar ne a littafin Baba, don a gabana ya kai wa Farfesa. Na ɗauko na goma ina jiran ta dawo da ƙarfinta. Sha ɗaya.

Na kashe fitila na zauna. Shekaruna a lokacin sun kusa na Baba sanda ya fara ganin raguwar. Na rufe idon dama na buɗe, na rufe na hagu na buɗe, duk a cikin duhun da babu abin gani. Maganar mai shara ta dawo mini, don ta taɓa cewa ɗakin nan ido yake ci. Tsoro ya kama ni sosai. Ba ni da wata sana'a sai idon nan. Can daga cikin akwati faranti ya yi ƙyas, na miƙe na fita ban ko rufe tsani ba. A waje rana tsaka ce, 'yan acaba na ta wucewa, wani na sayar da rake a bakin titi. Na tsaya ina karanta allunan shaguna daga nesa, ina gwada kaina kamar yaro.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin in gaya wa Malama Rabi. Har na yi tunanin in rubuta sha biyar in huta, wa zai sani. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Malam Tanimu, da kana awon ka san shekarar kowane faranti?"

"Na sani mana, a jere na ɗauko su."

"To ba ni akwatin."

Ta tafi da shi ofishinta, ta cire kowanne daga ambulansa mai kwanan wata, ta sa a farin ambulan, ta cakuɗa su, ta rubuta musu baƙaƙe a maimakon shekara. Ta ce in auna biyu kacal a rana, da safe, ido na hutawa. Hujjarta mai sauƙi ce. In idona ne ke gajiya, ko tsorona ne ke awon, ba su san wane faranti ne tsoho ba.

Kwana shida na yi. Ran na bakwai ta ce in jera su a kan dogon tebur, daga mafi baƙi zuwa mafi fari, bisa lambobina. Na jera. Ta ɗauko takardar da ta ɓoye tana karanto shekarun, tana ajiye tsohon ambulan a gaban kowanne. Biyu na farkon ne kawai suka yi musayar wuri, su ma lambarsu ɗaya. Sauran duk suka bi sahu, shekara bayan shekara, har na goma sha biyu da ya tsaya a tara. Ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, alhali ana zafi. Muna tsaye muna kallon abu yana mutuwa a kan tebur, daga hagu zuwa dama.

Ta ce a hankali, "Buɗe littafin."

Na buɗe. Tawadar Baba tana nan tsaf: sha huɗu, sha uku, sha uku, sannan sha biyar sau uku. Raina ya ɓaci, don mutumin da ya koya mini dokar shi ne ya karya ta. Ina rufewa sai bangon baya ya ɗan buɗe. A can ƙasan kusurwa, da fensir, ƙanana ƙwarai kamar mai rubutun ba ya so takardar ma ta gani, akwai lambobi uku a jere: sha ɗaya, goma, tara. Na duba nawa. Sha ɗaya, goma, tara.

Malama Rabi ta rubuta wa mutanen waccan tashar. Aka ɗauki watanni kafin faifai ya iso da sabon awon da na'ura ta yi, babu idon kowa a ciki. Ta kira ni ofishinta ta nuna mini a kwamfuta. A wurin da koriyar tsagar take tsayawa kamar turke, ɗan tudu ne ya rage. Ta ce ƙwayar tsakiyar ce ta sauya, ta daina ba hayaƙin irin hasken da yake ci, kuma irin haka yakan faru da sauri fiye da yadda aka koya mana, sai dai ba kasafai ake dacewa da mai kallo ba. Bayanin nata ne, ku tambaye ta. Ni abin da na sani shi ne na ɗauki littafi na hau mota zuwa Sabon Gari.

Rabona da gidan ya kai shekara uku, kuma ba ni da hujja. 'Yarsa ce ta shigar da ni. Yana zaune a kujerar katako a baranda, rediyo a cinya a kashe. Ya rame. Idanun biyu sun yi fari fat. Ta raɗa mini cewa da aka ce lokacin aikin yanar ya yi, ƙi ya yi, wai me zai yi da idon da ya riga ya ci amanarsa, har abin ya haɗu da hawan jinin ido ya wuce gyara.

Na durƙusa na ce, "Baba, barkanku da hutawa."

Ya juyo da kunne. "Tanimu. Ka yanke farce?"

"Na yanke, Baba."

"Ɗakin fa?"

"Yana nan. Ruma ta yi mana ɓarna, amma Tsohuwa ta tsira."

Na ce masa na sake auna ta, a cakuɗe, ba tare da na san shekarun ba. Na karanto masa lambobina ɗaya bayan ɗaya. Leɓunansa na motsi tare da ni. Da na kai uku na ƙarshe sai ya riga ni, ya ce, "Sha ɗaya. Goma. Tara."

Na ce, "Haka ne, Baba. Idonku bai mutu ba. Ita ce take mutuwa."

Ya shafa bayan rediyon da hannunsa. A maƙwabta wata mata na daka, ina jin taɓarya tana sauka.

"Ka tambayi shaidu?"

"Na tambaya. Suna nan daidai, duka goma sha biyun."

"Ni ma na tambaye su. Sun gaya mini. Na ƙi jin maganarsu." Ya numfasa. "Kullum in na shiga sai in roƙe ta ta dawo, don in daina ƙarya. Yanzu tana nawa?"

"Ta kusa fita daga tsani, Baba."

"Hasken nan, shekara nawa yake yi a hanya?"

"Dubbai, in ji Malama."

Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ashe tun ba a haifi kakan kakana ba ta gama. Ni kuma na tashi na ba ta kujerata."

Kunya ta rufe ni, don ina da ido lafiyayye a ɗakin nan duk tsawon shekarun, tsani yana hannuna, akwatin yana gabana, ban taɓa ce wa Baba ku kawo in duba muku ba. Minti goma ya isa.

Ya ce, "Ka zo da littafin?"

"Ga shi."

"Buɗe wajen. Ba ni biro."

Na ce zan gyara masa. Ya ce a'a, wanda ya yi kuskure shi ke jan layi. Na ɗora littafin a cinyarsa, na kama hannunsa na kai bakin biron kan sha biyar ta farko. Ya ja layi ɗaya. Na matsar da hannun gefe ya rubuta sha ɗaya. Haka muka yi sau uku. Da ya zo sa hannu ya ce in sake shi, wannan ba ya buƙatar ido. Ya miƙo mini biron ya ce in gaida Malama, in kuma gaya mata ta riƙa sa wa akwatin kaki kafin damina. Bai ga wata daminar ba.

Littafin yana cikin kabad, shafin na wajen tsakiya. Gobe in kun zo, kafin kowa ya kunna kwamfuta, za mu shiga ciki mu rufe ƙofa mu zauna minti goma sha biyar, sannan in ba kowannenku faranti a farin ambulan. Mai farar hula shi zai fara. In ka ga lambar da ba ka so, kira na kusa da kai ya duba maka tun a ranar. Za ku ga gyaran Baba ya karkace, ɗaya daga cikin lambobin ma ta hau kan layin da ke ƙasa. Kada wanda ya gyara masa.